Kuɗin Gwajin Jini Ba Asara Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ga wata magana da nake so mu duba kafin mu raba ribar ƙungiya ta bana.

Kowa ya san aikin yara masu korar tsuntsu sa'ad da gero ya yi ido. In suna da yawa, jan-baki sai shawagi. In sun ragu, kafin la'asar zangarniya ta zama fanko. To, haka jinin mutum yake. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda likitoci ke kira limfosait. Su ke gane ƙwayar cuta, su yaƙe ta, su kuma tuna da ita in ta komo. Babban mutum mai lafiya yakan sami wajen 1,000 zuwa 4,800 cikin ɗan ɗigon jini kamar kan allura.

Cutar korona ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a ƙarshen 2019, aka tabbatar da ita a Legas ran 27 ga Fabrairu, 1 ga masu lissafi a Nijeriya, cikin 2020. A shekarar nan likitocin Sin suka duba majiyyata 1,099, suka tarar fiye da 80 cikin 100 masu gadin nan nasu sun ragu tun ran da aka kwantar da su. Waɗanda ciwon ya fi tsananta musu kuwa, nasu suka fi ƙaranci. Ashe jini yakan ba da labari tun mutum yana cewa da sauƙi.

Amma mu fa? Tsoho ya kwana huɗu da zazzaɓi da tari, numfashi na yi masa wuya, mu kai shi asibiti. Likita ya rubuta a ƙirga jini, sai mu fara gunaguni, wai allura muka zo nema. Na ji wannan da kunnena, har daga bakin dattawan ikilisiya. Gaskiya ne ƙirgen kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita zai haɗa da numfashi da shekarun mutum. Ƙyanda da ƙanjamau da rashin abinci mai gina jiki su ma sukan rage masu gadin, mu kuwa wake da ƙwai duk kasuwa muke kaiwa. Duk da haka ƙirgen na taimakonsa ya san wanda zai sallama da wanda zai riƙe.

Shawarata ita ce, kowace ƙungiya ta ware buhu guda na hatsi, ma'aji ya ajiye kuɗinsa domin gwajin jini da kuɗin mota. Addu'a za mu yi, gwajin ma za mu biya.