A Riƙa Sanar da Waɗanda Aka Zalunta Inda Aka Kai Fursuna

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan abin da ba kasafai ake tayar da shi ba: gidan yarin da ake kai mai laifi, da kuma wanda ake faɗa wa an kai shi can.

A daren 5 ga Yulin 2022 mayaƙan ISWAP suka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni fiye da 800 suka tsere, cikinsu har da mutum 64 da ake tuhuma da alaƙa da Boko Haram. Kuje gidan yari ne mai matsakaicin tsaro, kuma wasu ne suka zauna suka yanke shawarar ajiye irin waɗannan mutane a cikinsa. An yi ta maganar katanga da sakacin jami'an tsaro, aka manta da matan da aka kashe wa maza da shaidun da suka tsaya gaban alƙali. Su a rediyo suka ji labari, kamar kowa. Haka aka yi a Satumbar 2024, da ambaliyar madatsar Alau ta rushe katangar gidan yarin Maiduguri, fursunoni suka tsere.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ta ba da shaida a kan wanda ya kashe mijinta. Aka ɗaure shi a gidan yarin cikin gari, kusa da kasuwar da take sayar da ƙuli-ƙuli. Kullum 'yan'uwansa na wucewa ta gabanta da kwanon abinci, wasu har da habaici. Daga baya aka ce an mayar da shi wani wuri. Ta yi ta zarya tsakanin kotu da ofishin gandirobobi, kowa sai ya ce ba huruminsa ba ne. Yanzu magariba na yi take kulle ƙofa, ita da marayunta.

Na san fursuna ma yana da haƙƙin ganin danginsa, kuma cunkoso kan tilasta a yi masa canjin wuri. Amma mene ne wahalar ajiye lambar wayar mai ƙara a fayil? A Kanada, da aka mayar da Paul Bernardo, wanda ya kashe 'yan mata biyu, gidan yari mai matsakaicin tsaro a 2023 ba tare da iyayen yaran sun sami labari da wuri ba, ƙasar ta ɗauki zafi har minista ya ba da umarnin a riƙa sanar da waɗanda aka zalunta tun kafin a ɗaga fursuna.

Wata doka da aka yi a 2019 ta mayar da gidajen yarinmu gidajen gyaran hali, gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi damar kafa nasu. Ina roƙon Majalisar Tarayya da gwamnoni su wajabta sanar da mai ƙara da shaidu kafin a sauya wa fursuna wuri ko a sake shi, da kuma ranar da ya tsere.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya