Gonarka tana jingina, kana cewa lissafin cefane rowa ce

'Yan uwa maza da mata, mazauna Sabo, Shasha, Ojoo, Bodija da Akinyele, da duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi.

Yau zan taɓo maganar da na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Amma tunda takardun neman taimako ta hannuna suke biyowa kafin su kai gaban shugabanni, ba zan yi shiru ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Da yawa daga cikin masu rubuto mana, in ka bi diddigin damuwarsu, wuri ɗaya take tsayawa. Akwai gona a gida Arewa, gadon uba, eka ɗaya ko biyu, an jinginar da ita shekara uku ko biyar, wani ma sai ya yi tunani kafin ya tuna shekarar. Mutum yana nan Ibadan yana nema, kullum yana samun abin da ya samu, amma gona ta ƙi dawowa. In ka ce masa, Malam zauna mu lissafa abin da ke shiga gidanka da abin da ke fita, sai ya ɗaure fuska ya ce shi ba ya ƙirga wa iyalinsa loma, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wai lissafin cefane rowa ce.

Wannan magana ta cinye gonakin mutanenmu fiye da yadda fari ya cinye, kuma lokaci ya yi da za mu daina gyaɗa mata kai a majalisa.

Kowa ya san yadda jingina take. Ka karɓi kuɗi, ka miƙa gona, mai kuɗi yana nomawa yana kwashe amfani har ranar da ka dawo masa da kuɗinsa cif. Ba a ambaci ruwa ba, shi ya sa hankalinmu ke kwanciya, muna ganin bashi ne da ba ya girma. To ina buhunan da gonar ke bayarwa kowace kaka suke tafiya? Malamai da dama sun yi magana a kan mai ba da bashi da ke cin amfanin abin da aka jinginar masa, kowa ya tambayi malaminsa. Ni abin da nake gani a kasuwa zan faɗa. Masarar da ta fito a gonar ubanka, wani ya girbe, ya sayar wa dillali, aka loda ta a tirela, ta sauka a Bodija, kai kuma ka zo da yamma kana sayenta kongo-kongo kana ƙorafin tsada. Kowace damina da ta wuce ba ka fanshi gonar ba, sau biyu ka biya: ka rasa amfanin, ka kuma saye shi da kuɗin mota a kai.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Sakatare, kai ba ka ga halin da ake ciki ba ne? Ina gani, a kasuwa ɗaya muke cefane. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, kuɗin ɗauko kaya daga Arewa ya tashi, komai ya bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a shekarar naira 70,000 ne, mu kuwa yawancinmu ko albashin ba mu da shi, abin da kasuwa ta bayar yau shi ne. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja tawa ce, ba taku ba. Lokacin da abinci ke da araha mutum zai iya yin sakaci ya sha. Yanzu da tukunya ke cinye mafi yawan abin da aka samo, in ba a cikin tukunyar aka nemo kuɗin fansar gona ba, a ina za a nemo su?

Babban laifin namu ne, mu magidanta. Mutum zai jinginar da gona, ko ya ciyo bashin taki, matarsa da ke dafa masa abinci ba ta sani ba. Wai sirrin namiji. Kullum da safe ya ajiye mata kuɗin cefanen yini ɗaya ya fice. Ita kuma me za ta yi da kuɗin yini ɗaya? Dole ta aiki yaro ya sayo man ɗari biyu a ƙulle a leda, magi ƙwaya huɗu, tumatirin leda, gwangwanin shinkafa uku, gawayin da ba zai kai dare ba. Duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan ya san ribar mai shago a cikin ƙulle-ƙulle take, domin da yawanmu sana'ar da muke yi ke nan. Mun san sari ya fi araha, muna sayar wa wasu da sari, amma gidajenmu muna ciyar da su da farashin ƙulli, shekara da shekaru. Sa'an nan in wata ya ƙare ba a ga rara ba, a ce mata ba su iya tattali ba. Ta yaya za ta yi tattali a kan bashin da ba a gaya mata akwai shi ba? Matar da ta san kowace naira ɗari da ta rage tana tafiya wajen dawo da gonar 'ya'yanta, wallahi za ta fi ka iya matse hannu. Su ne masu adashi tun kafin mu san hanyar banki.

Sai kuma abin da ba ma son a faɗa. Shi mai cewa ba ya ƙirga loma, lomar gida ce ba ya ƙirgawa, tasa ta waje kuma ba ya so a ƙirga masa. Da safe teburin mai shayi, burodi da ƙwai da indomi. Da rana a kasuwa shinkafa da nama da lemon kwalba. Da dare a majalisa a aika a sayo tsire ko balangu, a sa kati a waya a kwana ana kallon bidiyo. Kowa ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya kashe wa cikinsa shi kaɗai a waje cikin mako ɗaya, ya ajiye kusa da abin da ya ba gida mai mutum bakwai. Ni ba zan faɗi sakamakon ba, ku lissafa ku gani. Wanda ya tafi kasuwa da ɗumamen tuwo a cikinsa da kular abinci daga gida bai zubar da girmansa ba.

Bari mu yi misali, ba na wani mutum ba, don dai a ga yadda abin yake. A ce bashin da ke kan gona naira 600,000 ne. In ka dube shi a dunƙule, dutse ne, shi ya sa ake ta jiran wata babbar riba da za ta zo rana ɗaya a biya. Shekara nawa ana jiranta? Amma naira 1,000 a kullum, naira 30,000 ce a wata, naira 360,000 a shekara. Cikin wata 20 an gama. Damina biyu. Wanda ba zai iya dubu ba ya yi 500, wata 40 ne, kuma duk da haka ya riga mai jiran babbar riba. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin bashi a fara cire su da safe kafin a taɓa komai, a ba mai adashi ko a zuba a asusun da ba shi da kati a aljihu, abin da ya rage shi ne na cefane. In aka ce sai an ci an sha a ga abin da ya saura, ba abin da zai saura.

Tsarin abincin kansa ba wani ilimin boko ba ne, iyayenmu da rumbu suka yi shi. Buhun masara kwano 40 ne a awon gida. Uwargida ta san abin da take tuƙawa kowane dare. In rabin kwano ne, buhu ɗaya dare 80 zai kai ku, ke nan buhu huɗu da rabi ya kusa fitar da ku shekara. Wanda ya san wannan lamba ya san abin da zai saya da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu lokacin da hatsi ya faɗi, maimakon ya bari sai Yuni da Yuli lokacin da ya kai ƙololuwa. Masu zuwa gida da masu mu'amala da direbobin tirela, ku haɗa kai mutum huɗu ko biyar ku yi sari tare, ku raba. A zauna da uwargida ranar Juma'a da dare a tsara mako: yaushe tuwo, yaushe wake, yaushe ɗanwake, wace rana ce ta shinkafa. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da barkono ba sa lalacewa, a saye su da yawa sau ɗaya.

Akwai kuma wani girman kai da muka taho da shi daga gida, na raina abincin ƙasar da muke zaune. Muna tsakiyar ƙasar rogo da doya da manja, amma sai mu dage sai shinkafa kullum, kamar da ita aka yaye mu. Garin kwaki a nan ake yin sa. Alabo a nan yake. Ganyen da Yarabawa ke kira ewedu lalo ne, wanda kakanninmu suka sha miyarsa. In sabuwar doya ta cika kasuwa a ci doya, in ɗanyar masara ta fito a ci masara. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su da matsala da amala, mu ne muke yatsina fuska.

Kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je ya ƙuntata wa iyali ya ce Sakatare ne ya ce. Ban ce a yanke abincin yara ko na mai ciki da mai shayarwa ba. Yaron da aka bari da farin gari da ruwa zai kwanta ciwo, kuɗin asibiti ya cinye abin da aka tara har da ƙari. In nama ya yi nisa akwai wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, zogale da busasshen kifi. Ragin daga bakin maigida zai fara. Kuma don Allah wanda ya sayi wake da yawa kada ya zuba masa Sniper don gudun ƙwari. Guba ce, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ko jarka mai murfi da za a cika ta taf a toshe.

Maganar biki kuwa, a nan ne nake jin kunyar mu duka. Mutumin da gonarsa ke hannun wani, shi ne zai ɗinka sabuwar shadda don ɗaurin auren da ba na gidansa ba, matarsa ta fitar da anko uku tsakanin ƙaramar salla da babba, a yi liƙi a ɗauka a waya a sa a Facebook. Babbar salla ta zo a ciyo bashin rago a kan bashin gona, alhali layya a kan mai hali take. Mu da ke zuga juna muna da kaso a laifin. In ɗan uwa ya ce bana ba zai iya anko ba, ko gudummawarsa kaɗan ce, a karɓa a yi masa addu'a, a daina bin sa da habaici a zauren WhatsApp.

Wasu kuma in abin ya ishe su sai su faɗa manhajojin ba da rance na waya don su biya wani bashin. Waɗannan ruwansu na mako-mako ne, in ka makara su bi lambobin wayarka suna aika wa surukanka da abokan kasuwancinka saƙon cin mutunci. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shiga farautarsu a 2022. Wanda ya bar jingina ya shiga hannunsu, ya gudu daga ruwan sama ya faɗa kogi.

Ban manta da ku ba, Alhazai masu riƙe da gonakin mutane, domin wasunku suna cikin wannan ƙungiya kuma suna karantawa. In mai gona ya kawo muku rabin kuɗi, me ya sa kuke cewa sai dai ya kawo duka a dunƙule? Kun san sarai talaka ba ya iya riƙe kuɗi mai yawa a hannu wata shida ba tare da wata larura ta cinye su ba. Ƙin karɓar biya kaɗan-kaɗan dabara ce ta ci gaba da noman gonar. Wasu ma in an kawo kuɗin sai su ce ai naira ta faɗi, kuɗin da ba na yanzu ba ne, bayan sun ci amfanin gona shekara biyar. Mafi muni shi ne jinginar da aka yi da baki. Shaidu su tsufa su rasu, mai gona ya rasu a nan Kudu, marayu su je gida a ce musu ai ubanku sayarwa ya yi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu in an ce a rubuta sai mu ce ana zargin mu.

Duk mai gona a jingina da ba shi da takarda, ya same ni bayan taro mai zuwa da adadin kuɗin, da shekarar da aka karɓa, da iyakokin gonar ta gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen shaidun da ke raye. Za mu rubuta kwafi uku, ɗaya nasa, ɗaya na mai riƙe da gonar, ɗaya a kai wa mai unguwa ko dagacin garinsu ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba zan rubuta masa, da boko ko da ajami, kuma ba a biyan ko sisi.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya