Baturiyar da ta leƙa addinin Hindu, ta ƙare da aure a gidan malami

Mutane da yawa sun san auren Hindu a finafinan Indiya: ango da amarya suna zagaya wuta, ana shafa jan gari a tsagar gashin amarya. Kaɗan ne suka san cewa wata Baturiya da ta koyar a Kano ta taɓa neman gaskiya a wannan addini.

Ita ce Hajiya Aisha Lemu, wadda aka haifa da suna Bridget Honey a garin Poole na Ingila a 1940. Tun tana budurwa ta yi nazarin addinin Hindu da na Buda, hankalinta bai kwanta ba, har ta musulunta a Landan a 1961. A 1966 ta zo Kano koyarwa a Makarantar Nazarin Larabci, a 1968 kuma ta auri Sheikh Ahmed Lemu, ta shiga gidansa a matsayin mata ta biyu.

A nan ne ya kamata a jinjina mata. Sauya addini magana ce ta rana ɗaya, amma zama da abokiyar zama, da dangin miji, da tuwo a madadin abincin gidansu, aiki ne na kullum, kuma ta yi shekara hamsin tana yinsa.

Ba ta tsaya a tsakar gida ba. Ita da mijinta suna cikin waɗanda suka kafa Islamic Education Trust a 1969, ta kuma zama Amira ta farko ta FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985. Ta rasu a Minna a Janairun 2019.