Jinga Ko Yini? Amsarmu Ga Masu Neman Aiki Daga Gida

Tun cikin watan Afrilu na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle birnin Kano, wata magana ta shiga bakin 'yan boko ta ƙi fita. Wai shin ma'aikaci ya fi taɓuka abin kirki yana zaune a ofis, ko kuwa in an bar shi a ɗakinsa da kwamfuta bisa cinya? Mun ji ana ta sa-in-sa a kan wannan batu a ɗakunan kwanan ɗalibai da teburin mai shayi, kowa yana jawo hujja daga Amurka da Ingila. Mu da muka fito daga Yako da Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa mun saurara har kunne ya gaji, yanzu kuwa tilas mu sa baki, domin a kan iyayenmu tulun zai fashe.

Ga matsayinmu tun da wuri, kada wani ya ce mun yi masa ƙumbiya-ƙumbiya. Ba mu yarda a shigo da tsarin aiki daga gida cikin ƙananan hukumomin karkara ba, muddin gidan da ake nufi a birnin Kano yake. Haka kuma ba mu yarda da waɗanda suka mai da rajistar sa hannu abin bauta ba, suna auna ma'aikaci da daɗewar mazaunansa a kan kujera.

Masu neman aiki daga gida ba mahaukata ba ne, kuma ba za mu yi musu ƙarya ba. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ƙaramin akawun da yake hawa mota biyu kafin ya isa wurin aiki sai ya wayi gari albashinsa yana ƙarewa a hannun kwandasta. Dalilin ke nan da ya sa jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako cikin watan Yuni na 2023, Legas ta bi sahu a 2024, sannan ta soke a 2025. Tun kafin wannan ma, maƙwabciyarmu Kaduna, a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta ce daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikata su yi aikin Juma'a daga gida. Amma a lura da kyau: sanarwar ta Kaduna ta ware makarantu da asibitoci a lokacin. Ashe ko masu tsarin sun san akwai aikin da ba ya yiwuwa sai ido da ido.

Hujjar da abokan muhawararmu suka fi ɗagawa ita ce binciken Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2015. Sun gwada ma'aikatan amsa waya na kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a birnin Shanghai na ƙasar Sin har wata tara, suka ga aikin waɗanda suka zauna a gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. A 2024 kuma suka sake buga wani a kan ma'aikata 1,612 na wannan kamfani, inda aka ga kwana biyu a gida kowane mako bai rage ingancin aiki ba, barin aiki kuwa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Madalla. Sai dai masu karanto mana wannan sukan tsallake layin da bai yi musu daɗi ba. A gwajin farko ba a ɗauki kowa ba sai mai ɗaki na kansa da intanet mai ƙarfi a gida, kuma na'urar kamfani tana ƙirga kowane kira da kowane minti. Wato an san abin da mutum ya yi, a gida ko a ofis. To, wa yake ƙirga abin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya yi jiya?

Bari mu dawo gida, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mene ne aikin ƙaramar hukuma? Malamin gona ne da ya kamata ya shiga gonar masara ya ga tsutsa da idonsa. Malamin dabbobi ne da zai bi rugage a bakin Dajin Falgore. Ma'aikaciyar lafiya ce da za ta karɓi haihuwa tsakar dare a Zainabi ko Rantan. Akawu ne da zai sa hatimi a takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda duk ɗalibin da yake karanta wannan mujalla ya san wahalar samunta. A cikin waɗannan, wanne ne za a yi daga falo a Tarauni ko Gwale? Allurar shanu ba ta bin waya.

Ga abin da kowa ya sani amma ake jin kunyar faɗa a takarda. Aiki daga gida ba baƙon abu ba ne a yankinmu, mun daɗe da shi, suna ne kawai ba a raɗa masa ba. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da aka tura karkara ba a can suke kwana ba. Iyali a birni, makarantar yara a birni, har mai wankinsu a birni. Mutum ya taso da hantsi, ya biyo hanyar Zariya, ya iso bayan Azahar ta kusa, kafin La'asar ya juya. Wani Litinin da Laraba ne nasa. Wani sai ƙarshen wata. Ɗaya daga cikinmu ya yi sawu uku zuwa wata sakatariya, wadda ba za mu kama sunanta ba, yana neman sa hannu ɗaya tak. Ranar farko masinja ya ce maigida yana hanya. Ranar biyu aka ce ya tafi taro Kano. Ranar uku masinjan ya ji tausayinsa, ya raɗa masa cewa in yana da wayo ya kai takardar gidan maigidan a birni. Kuɗin motar kwana ukun nan mahaifiyarsa ce ta sayar da akuya ta biya. To, idan aka zo aka ba wannan ɗabi'a izini a rubuce, aka kira ta da sunan zamani, mene ne aka yi in ban da ɗaura wa ɓarawo rawani?

Kada a manta da abin da ya sa aka kafa waɗannan hukumomi. Gyaran da aka yi a 1976, wanda ya maye gurbin tsarin En'e, hujjarsa ɗaya ce: a kawo gwamnati kusa da talaka. Daga baya aka yi ta yanka jihar Kano har ta kai ƙananan hukumomi 44, aka kai hedkwatar Doguwa can Riruwai, duk da sunan kada mutum ya yi tafiyar yini kafin ya ga hukuma. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye. Amma ko an kawo kuɗi kusa, an kawo gini kusa, in mai sa hannu yana nesa, talaka bai ga gwamnati ba, bango ya gani.

A bar maganar wuta ma. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, a ƙasar Bebeji yake, amma a tambayi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi sa'a nawa suke ganin lantarki. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta fi mako guda cikin duhu. Ƙaramin ma'aikacin da yake kai wayarsa wurin mai caji a bakin kasuwa shi za a ce ya mai da ɗakinsa ofis?

Yanzu kuma ga namu da masu rajista, don kada su ɗauka mun shigo rundunarsu. Iyayenmu suna tuna 1984, zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Buhari da Idiagbon, yadda soja suka riƙa sa ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo a bakin ƙofa. Mutane sun zo da wuri, babu shakka. Amma fayil ya yi sauri? Tsoro yana kawo mutum ofis, ba ya sa shi ya buɗe fayil. Har yau akwai mai zuwa ƙarfe takwas, ya sa hannu, ya shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya, ya yi hira har a tashi, kuma a littafi shi ne gwarzon ma'aikaci. Ba duka laifinsa ba ne. Sau da yawa babu takarda, babu tawada, babu babur ɗin fita rangadi, babu ma wanda ya gaya masa abin da ake so ya yi a wannan mako. Wanda ba a ba aiki ba, a gida da ofis duk zama ne.

Manomin Yako, wanda bai taɓa jin sunan Stanford ba, ya warware wannan matsala tun kaka da kakanni. Ya san bambancin ɗan yini da ɗan jinga. Ɗan yini sai ka tsaya a kansa, don rana yake jira ta faɗi. Ɗan jinga kuwa ku yi ciniki a kan kadada, ka tafi harkarka. Ya zo da asuba ko da yamma, ruwansa, kai dai kunya za ka duba in ya ce ya gama. Haka uwayenmu da ke cikin gida. Mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa da mai ɗinkin hula ba su taɓa sa hannu a rajista ba, amma ba wanda ya isa ya ce ba sa aiki, domin ranar kasuwa hula ko dai ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Gwamnati ce kaɗai mai gonar da take biyan kuɗin yini, ba ta tsaya a kan ma'aikaci ba, ba ta kuma zuwa duba kunya.

Saboda haka abin da muke nema ba shi da wuya. A liƙa takarda da Hausa a ƙofar kowane ofis: wannan takarda kwana kaza take ɗauka, ga sunan mai sa hannu, ga wanda zai sa in ba ya nan. A ce wa malamin gona ƙauye nawa zai kai a wata, masu unguwanni su shaida ya je. Wanda aikinsa ido da ido ne ya tare inda aka tura shi, a gyara masa gidan ma'aikata, a ba shi alawus ɗin karkara na gaskiya, a kuma soma da shugaba da daraktoci kafin a taɓa masinja. Wanda aikinsa lissafi ne ko zane ko fassara, irin na Sakatariyar Audu Bako, musamman mai goyo da mai lalura, ba mu ƙi a ba shi kwana ɗaya ko biyu a gida ba, amma bisa sharaɗin jinga: ga aiki, ga ranar kawo shi.

Saura mu, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Zagin na gaba da mu yana da daɗi, amma badi ko badin-badaɗa mu ne za a miƙa wa takardar kama aiki. Mun san juna. Ranar da aka rubuta Riruwai a takardar wani daga cikinmu, kafin Magariba zai kasance a zauren wani babba yana neman a mayar da shi birni, alhali a makarantar ƙauyen nan ya koyi baƙi da wasali, da harajin mutanen nan aka yi masa karatu. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a hutu mai zuwa, kowacce ta tura mutum biyu su zauna bakin sakatariyarsu mako guda cur da littafi da biro. Kada su zagi kowa, kada su rubuta sunan kowa. Su rubuta mutum nawa suka zo neman abu, daga wane gari, nawa suka kashe a mota, nawa suka koma da biyan bukata. Abin da suka samo su kawo shi taron ƙungiya a karanta, sannan a aika wa majalisar ƙaramar hukumar kwafi.