Daga Salaga zuwa Bawku: ranar da na bar uwargida ta ja ayari

 A makon nan ba zancen farashin albasa ko canjin sidi zan yi ba. Labarin wata tafiya ta yini ɗaya zan ba ku, wadda muka yi ni da uwargida a 'yar tsohuwar motata.

Suna ne ya kai mu Salaga, ɗiyar ƙanwata ta haihu. Niyyata da an sallame asuba mu kama hanyar gida Bawku, ba tsayawa sai shan mai. Ina ɗora jakunkuna sai ta ce, "Alhaji, shekara 22 kana bin hanyoyin nan, amma in ka dawo ba labarin da nake ji sai na ramuka da shingaye. Yau dai ka bari in gani da idona." Na so in kawo uzurin kasuwa, sai na tuna rabon da mu fita mu biyu, in ba asibiti ko gaisuwar mutuwa ba, na manta. Na ce to, yau ke ce madugu.

Da tsohuwar kasuwar Salaga muka fara. Ni na zama mai bayani, ina ta hura hanci. Na gaya mata nan ce Gwanja da ake faɗa a Kano. Nan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke sauke kanwa da tufafi da fatu bayan tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, su ɗauki goron da aka hauro da shi daga ƙasar Asante. Na ce mata kakan babana da ayarin goro ya zo. Kasuwar ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sannan rikicin sarautar Kpembe na 1892 ya watsa garin. Fatake da malamai suka bazu, wasu suka yi Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu can a 1934.

Daga nan wani saurayi ya raka mu wajen tsofaffin rijiyoyin bayan gari. Sunan wurin Wankan Bayi. Ba sai an fassara mana ba, da harshenmu aka raɗa shi. Nan ake wanke mutane a shafa musu man kaɗe kafin a kai su kasuwa a yi cinikinsu. Akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu kafin a sayar. Na juya in ci gaba da bayani, sai na ga uwargida ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da mayafi.

Sai da muka hau hanyar Bimbilla ta yi magana. Ta ce kakar mahaifiyarta tana da wani zane a fuska da ba kowa mai irinsa a gidan, kuma in an tambaya sai manya su ce a bar zancen. Sai gab da rasuwarta mahaifiyar ta faɗa mata cewa daga ƙasar Gurunsi aka kamo tsohuwar tana yarinya, a Salaga aka saye ta. "Kakanka da ayari ya zo, Alhaji," in ji ta. "Tawa kakar ma da ayari ta zo, amma a ɗaure." Shekara 22 muna cin tuwo a kwano ɗaya, 'ya'ya biyar tsakaninmu, ban taɓa jin wannan ba. Na sauka gefen titi na kashe mota, muka yi wa tsohuwar addu'a.

A Bimbilla ta sayi doya, ta taya har sai da mai doyar ta yi dariya ta ce lallai matar ɗan kasuwa ce. Muka wuce Adibo, inda Dagomba suka gwabza da Jamusawa a 1896, muka shiga Yendi ana kiran azahar. Bayan salla muka ci tuwon zafi da miyar ayoyo, muka leƙa ƙofar fadar Gbewaa, mazaunin Ya-Na. Na ambata mata cewa kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, yana cikin garin, a nan ya rasu a 1907. Na ce ko mu wuce kawai? Ta ce a'a, a kai ta. Ta tsaya a kansa jim kaɗan, ta ce, "Allah ne mai hisabi," ta koma mota.

Daga Yendi muka bi ta Gushegu. Rana na shirin faɗuwa muka iso Nakpanduri, bisa gaɓar dutsen Gambaga, inda ƙasa ke shimfiɗe a ƙarƙashinka har iyakar ganin ido. Sau nawa na sauka gangaren nan, idona na kan birki kawai. Tana kallon wajen Bawku ta ce, "Ka ce rikicin sarauta ne ya kashe kasuwar Salaga. Yendi ma sun ɗanɗana nasu tun 2002, sai a 2019 aka naɗa sabon Ya-Na. Mu kuma fa?" Ban da amsa, sai dai addu'ar Allah ya zaunar da garinmu lafiya. Saboda dokar hana fita da dare ba mu yi gangancin ƙarasawa ba. Muka kwana gidan wani abokin cinikina, da safe muka bi ta Garu muka isa gida.

'Yan'uwana fatake, mun san kuɗin kowane shinge daga nan har Kumasi, amma da yawanmu ba mu san abin da ke cikin ran matar da ke tsare mana gida ba. A gida ga yara, ga baƙi, ga waya tana ta ƙara. A mota kuwa ku biyu ne, kuma hanya doguwa ce. Abin da na kashe a ranar bai kai ribar buhun albasa uku ba.

Wanda zai gwada, ya zaɓi lokacin rani, don damina tana ɓata wasu sassan hanyar. A cika tanki a Yendi, a duba tayar safaya, a riƙe goro don gaida dattawan da ke kula da wuraren tarihi, a kuma tambayi halin da Bawku ke ciki kafin a doshe ta. In an isa wuri, maigida ya rage bayani ya saurara.

Uwargida ta ce hutun makaranta mai zuwa da yara za mu koma Salaga, kuma ita za ta ba su labarin da bakinta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.