Gudu a Unguwar Gudu: Ina Za Mu Sa Ƙafa?

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Da wannan karin magana nake so in buɗe ɗan tsokacina a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato rashin wurin motsa jiki a unguwannin birnin tarayya, musamman unguwarmu Gudu da ke maƙwabtaka da Apo.

Ni dai ba Bahaushe ba ne. Ɗan ƙabilar Angas ne ni daga Pankshin ta Jihar Filato, a kasuwa da makaranta na tsinci Hausa kafin in zo jami'a in karance ta. A garinmu, wanda ke bisa duwatsu, ba abin mamaki ba ne ka ga samari da 'yan mata sun fita da asuba suna sassarfa a 'yar siririyar hanyar da ta ratsa cikin itatuwa, ga sanyi, ga raɓa, babu hayaƙi babu ƙarar mota. Ba banza ba ne da yawa daga cikin masu gudun dogon zango na Nijeriya suke fitowa daga Filato. Masana sun bayyana cewa a wuri mai tudu iskar da mutum ke shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar ta kwari, don haka jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin ya cike giɓin. Wannan yana cikin sirrin garin Iten na ƙasar Kenya, mai tsayin kimanin mita 2,400 daga teku, da kuma Bekoji ta Habasha, mahaifar Derartu Tulu da Kenenisa Bekele.

Da iyayena suka koma Abuja, sai na ce to, ga unguwar da sunanta kansa umarni ne ga mai jin Hausa: Gudu! Ashe suna linzami ne kawai. Ranar farko da na fita lokacin hutu, ban yi nisa ba wani dattijo da ke fitowa daga masallaci ya tare ni ya ce, "Yaro, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce, "Baba, lafiya lau, motsa jiki nake yi." Ya girgiza kai ya ce Allah ya sauwaƙe. Kwana uku bayan haka saura ƙiris wata mota ta yi awon gaba da ni, domin gefen titin da aka yi wa masu tafiya a ƙasa 'yan tireda da masu ajiye motoci sun cinye shi.

Tambayar dattijon nan ta sa ni tunani a matsayina na ɗalibin harshe. Mu duba yadda kalmar gudu take zaune a Hausa: gudun hijira, gudun ceton rai, gudun tsira. Ana cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. Ke nan a tunanin Bahaushe babba ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilin yawanci tsoro ne. Wannan bai zama aibi ba a da, saboda noma da farauta da fatauci da kokawa da langa sun ishi jiki aiki. Amma yau fa? Ma'aikaci ya fito daga gida ya faɗa mota, daga mota sai kujerar ofis, daga nan sai gaban talabijin. Sakamakon shi ne hawan jini da ciwon suga da muke gani a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. To a ina?

Abin takaicin shi ne Allah bai hana Abuja duwatsu da ƙoramu da itatuwa ba. Tsarin birnin da aka zana a 1979 ya keɓe filaye domin shaƙatawa, amma muna gani da idonmu yadda ake fasa duwatsu ana sare itatuwa ana dasa rukunin gidaje. Lambun Millennium da aka buɗe a 2003 yana Maitama, tafkin Jabi ma ba kusa ba ne. Wanda sai ya biya kuɗin mota kafin ya je ya yi gudu, ai ba zai ɗore ba.

Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, wa zai shiga daji a zamanin masu garkuwa da mutane? Maganarsa tana kan hanya, amma dajin da aka yi watsi da shi ne ke zama maɓoyar ɓata-gari. Mu ɗauki misalin dajin Karura a birnin Nairobi. An so a yanka shi fuloti-fuloti, marigayiya Wangari Maathai ta tsaya kai da fata, har aka fasa mata kai a can a 1999. Daga baya aka kewaye dajin da shinge, aka sa masu gadi, aka share hanyoyi, ya zama wurin da maza da mata da yara ke sassarfa hankali kwance.

Saboda haka ina kira ga hukumomin birnin tarayya da su keɓe ko da tsauni ɗaya da bakin ƙorama ɗaya a yankin Gudu da Apo, a hana gini, a fitar da hanyar ƙafa, a sa tsaro, ta yadda 'yan'uwanmu mata ma za su fito cikin sutura da mutunci. Mu kuma ɗaliban Hausa aikinmu ne mu shigar da maganar cikin shirye-shiryen rediyo da wasannin kwaikwayo, har kunne ya saba da cewa sassarfa magani ce ba alamar tashin hankali ba. Allah ya nuna mana ranar da dattijon nan zai gan ni ina gudu ya ce, "Yaro, jira ni."