Girki da Sana'ar Hannu a Matsayin Hanyar Koyar da Yara Al'adun Duniya

Gabatarwa

A makarantun firamare da dama, darasin al'adun wasu al'ummu bai wuce jerin sunayen da malami kan rubuta a allo ba: ƙasa kaza, babban birninta kaza, abincinta kaza, suturarta kaza. Yara su kwafa, su hardace, su juye a takardar jarrabawa, kafin a dawo hutu sun manta. Irin wannan karatu ba ya sa yaro ya ji a ransa cewa mutumin Sin ko na Burazil ɗan Adam ne kamarsa, mai jin yunwa, mai bikin aure da na suna. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sa'a guda a mako bayan an tashi makaranta, wadda yara za su yi girki ko aikin hannu na wata al'umma, ta fi wata guda na harda amfani wajen cusa musu sanin mutane da girmama su.

Buƙatar hakan ba ɓoyayya ba ce. Bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini da ƙabila, har yaro kan girma bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da wanda ba harshensu ɗaya ba. Abin da ya sani game da baƙo ji ya yi, alhali kuwa gani ya kori ji.

Duniya a cikin tukunyar Bahaushe

Malami ba ya buƙatar zuwa nesa neman kayan darasi, domin madafin gidan Bahaushe cike yake da baƙi. Gero da dawa da wake da gujiya 'yan asalin Afirka ne. Amma masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492. Ke nan kakannin Bahaushe na farko ba su san ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa ko jar miya ba. Shayi daga ƙasar Sin ya samo asali, sunansa kuma ta bakin Larabawa ya shigo Hausa, kamar yadda alkama da albasa da alkaki suka shigo.

Bahaushe bai tsaya ga karɓa kawai ba, shi ma ya bayar. A ƙasar Gana, shinkafa da waken da ake kira waakye da tuwon da ake kira tuo zaafi suna ɗauke da sunayen Hausa. A Sudan, Hausawa ne suka shahara da gashin naman da ake kira agashe. Ƙosai, wanda Yarbawa ke kira akara, ya ƙetara teku tare da bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma, har yau ana soya shi da manja a titunan birnin Salbado na ƙasar Burazil da sunan acarajé. Rabin sunan Coca-Cola, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1886, daga sunan goro aka ɗauko shi.

Yaron da ya jiƙa wake, ya surfa, ya ga an niƙa an soya, sannan aka nuna masa Burazil a taswira, ya koyi tarihin cinikin bayi da labarin ƙasa a zama guda. Haka nan idan yara suka kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, suka murza, suka gasa a kasko irin na Indiyawa, wato capati, za su kwatanta shi da gurasar Kano. Daga nan malami ya bayyana musu yadda capati ya zama abincin yau da kullum a Kenya ta hanyar fatake da leburorin Indiya, waɗanda suka shimfiɗa layin dogo daga Mombasa tsakanin 1896 da 1901.

Duniya a cikin sana'ar hannu

Abin da girki ke yi da harshe, sana'a na yin sa da yatsu. Rini misali ne mai kyau. Tarihi ya danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata ta Kano da shekarar 1498, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarci birnin a 1851, ya tarar tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Dabarar ɗaure ƙyalle da zare kafin a tsoma shi a baba ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Yarbawan Abekuta na kiran ta adire, Indiyawa na da bandhani, Japanawa kuma shibori. A tsibirin Jaba na Indunusiya da kakin zuma ake zana ƙyallen kafin a rina, ana kiran sa batik. Shi Turawan Holan suka kwaikwaya da injuna, suka kawo Afirka ta Yamma, ya zama atamfar da ake zubawa a lefe. Tsohon farin ƙyalle da zare da kwanon rini sun isa su haɗa wa yaro waɗannan ƙasashe wuri guda.

Haka ginin tukwane yake. Hoton Ladi Kwali da ke bayan takardar naira ashirin ƙofa ce ta labarin macen da ta koyi ginin gargajiya na Gbagyi, a 1954 ta shiga cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, har aka baje tukwanenta a Landan. Naɗe takarda irin na Japanawa, wato origami, ba ya cin komai sai tsofaffin takardu, kuma yana koya wa yaro kusurwa da rabi da rubu'i ba tare da ya ji lissafi ake yi ba.

Yadda ya dace a tsara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali. Ya kamata a fara da gida, a matsa zuwa maƙwabta irin su Fulani da Barebari da Nufawa da Yarbawa da Ibo, kafin a ƙetara teku. Kowane zama ya ƙunshi abu huɗu: nuna wurin a taswira, ɗan taƙaitaccen labarin mutanen, aikin da hannu, sai tattaunawa kan inda aka yi kama da inda aka saɓa. Malamin Hausa na da babban rabo a nan, domin daga zaman ne zai samo kalmomin aro, da sunayen kayan aiki irin su muciya da mara da ludayi, da batun insha'in da yara za su rubuta daga abin da suka yi da kansu. Idan akwai uwa Bayarabiya ko Ba'iba a cikin iyayen yara, gayyato ta ta nuna girkin gidansu ya fi kowane littafi.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Wasu za su ce babu lokaci, tunda yara na zuwa Islamiyya da la'asar. Wannan gaskiya ne, kuma bai dace shirin ya ci lokacin Islamiyya ba. Sai a zaɓi yammacin Alhamis, ranar da makarantun allo da Islamiyyu da yawa ke hutu. Wasu za su ce babu kuɗi. Gwangwanin wake da ɗan mai da laka daga bakin rafi ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsoron kada baƙin al'adu su ɓata tarbiyya. Wajibi ne malami ya girmama wannan tsoro: ya sanar da iyaye abin da za a yi, ya tsaya ga abincin halal, ya kuma guji duk aikin da ya shafi ibadar wasu. Sai dai a tuna cewa al'adun waje sun riga sun shigo ɗaki ta talabijin da wayar hannu, ba tare da mai tacewa ba. Gara yaro ya gamu da su a gaban malami mai hankali. Masu cewa girki aikin mata ne kuwa, sai su dubi mai tsire da mai shayi da mai gasa burodi.

Akwai kuma haɗarin da malami da kansa zai iya jawowa. Al'umma ta fi abincinta faɗi. Kamar yadda ba za a taƙaita Bahaushe ga tuwo ba, haka ba za a taƙaita Basine ga shinkafa ba. Kada a bar yara su yi wa abincin wasu dariya ko tofar da yawu. Wuta da wuƙa da tafasasshen mai su kasance a hannun babba, a wanke hannu da sabulu, a kuma tambayi iyaye ko akwai abincin da jikin yaro ba ya karɓa.

Kammalawa

Ɗalibin kwalejin ilimi da ke shirin fita aikin koyarwa na gwaji zai iya jarraba wannan hanya da aji ɗaya, da tukunya ɗaya, da taswira ɗaya. Yaron da ya gane cewa barkonon miyar gidansu baƙo ne da aka karɓa hannu bibbiyu, kuma ƙosan ƙofar gidansu na da 'yan'uwa a bayan teku, zai yi wuya wani ya zo daga baya ya koya masa ƙin mutum don harshensa ko tuwonsa ya bambanta.